Filaskon Kawu Mamman

Ƙanena Bello,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Mafara lafiya lau, ban da Kawu Mamman.

Ana gobe mahauta za su zaɓi Sarkin Fawa cikinsa ya ɗaure. Likita ya ba shi maganin sakin ciki, ya ce kada ya haɗa da komai. Kawu ya ce maganin Bature ba ya jin Hausa, da safe ya bi shi da moɗar filasko. Yana tsakiyar jawabi a gaban mahauta wandonsa ya kammala masa. Sarautar da ya tsufa yana nema ta tafi, shi kuma yana asibiti ana ƙara masa ruwa. Na je dubiya, ya juya mini baya.

In ka gama dariya, ka sa shi a addu'a. Gaida Hajara.

Yayanka,
Isa