Dish Ɗin da Mijin Auta Ya Ɗaura

Mama,

Na zo na tarar kin fita dubiya, ni kuma aiki na jirana, shi ya sa na bar miki wannan a kan talabijin.

Ki yi haƙuri da yadda na tashi jiya ban ci abincin ba. Raina ne ya sosu. Shekara tara ina hawa rufin mutane ina ɗaura musu dish, amma da kika tashi sa naki, mijin Auta kika kira. Kuma a gabana kike ta sa masa albarka, wai ko injiniya sai haka. Ni ban taɓa jin kin faɗi haka a kaina ba.

Ɗazu na hau na duba aikin nasa. Bai ɗaure noti da kyau ba, iska kaɗan za ta juya farantin, hoto ya ɗauke. Bakin wayar ma a buɗe ya bar shi, ruwan sama na farko zai shiga. Na ɗaure, na naɗe da salatif, na sake saiti. Tashar wa'azin da kike so na mai da ita lamba ɗaya, ba sai kin yi ta lalube ba.

Kada ki gaya masa na taɓa, kar Auta ta ji ba daɗi. In ya zo ya ga hoto tar, bar shi ya ɗauka aikinsa ne. Ke dai ki sani.

Babban ɗanki