Ƙusumbin Maigari Nomau

Dogarawa, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar ɗiyata Hadiza ta dawo daga lakwal ɗin da take koyarwa a Malbaza, ta kawo mini labarin wani sarkin Ingila na zamanin da. Wai mai tsara wasan kwaikwayo ya laƙa masa muguntar da bai yi ba, don ya faranta wa gidan da suka karɓe sarautarsa, har yau kuma haka duniya ta san shi.

Na yi dariya. Ta ce, "Shi ƙarya aka yi mishi, Baba, ba kamar Maigari Nomau ba, mai ƙusumbi, mai cinye irin shukar marayu."

Na ga Nomau da idona, miƙaƙƙe kamar giginya. Laifinsa ɗaya, ya kada mahaifina a neman sarauta. Sauran ni na ƙaga a wurin hira, ina duƙawa ina kwaikwayonsa shekara da shekaru, jama'a na sheƙewa.

Yana kabari, ba halin neman gafararsa, ni ma tafiyar ta matso.

Na ce mata, "Ni na ƙirƙira shi duka."

Ta ce, "Haba Baba! Jikokinsa ma sun san cewa gaskiya ne."

Ya Allah, ranar hisabi me zan ce wa Nomau?