Ƙorafi Kan Hotona Da Aka Kafe A Allon Juriya

Daga: Mai gyaran firiji da fanka, shago na huɗu, layin bayan tasha

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sufeton Makarantun Sakandare, Ofishin Ilimi na Yanki

Rana: 17 ga Maris

Game da: Yadda Malamar ba da shawara ta mayar da ni darasi ba tare da izinina ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ni ne mahaifin ɗaliba mai lamba 31 a makarantar 'yan mata da ke ƙarƙashin kulawarka, wadda muke kira Auta a gida. Bara ta faɗi lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Wata huɗu ta yi a ɗaki, ba dariya, ba fira, abinci ma sai uwarta ta tsaya a kanta. Da kyar muka lallaɓa ta ta koma maimaita aji, aka haɗa ta da Malamar ba da shawara. Daga nan abin da nake ƙorafi a kai ya faro.

1. A ranar 12 ga Janairu Malamar ta zo shagona. Na ɗauka firijinta ne ya lalace, na ba ta kujera. Cikin hira ta tambaye ni ko na taɓa faɗuwa a wani abu. Da yake ta iya tambaya, sai bakina ya suɓuce na gaya mata cewa wannan lissafin dai ni ma sau bakwai na zauna masa a zamanina, bai taɓa sakar mini fuska ba. Ta ɗauki hotona ina riƙe da sukurdireba a baki.

2. A ranar 19 ga Janairu aka kafe hoton a zauren makaranta, a wani abu da ake kira Allon Juriya, tsakanin hoton kunkuru da na tururuwa. An rubuta a ƙasa da jan fenti cewa na faɗi sau bakwai kuma ina nan da raina. Ranka ya daɗe, ban taɓa cewa zan mutu ba.

3. Kowace Litinin ɗalibai ɗari huɗu suna tsayawa a gaban hoton su yi tafi sau bakwai. Kafin gwaji kuma sukan shafi hancina, har ya goge, yanzu fari fat yake. Sunana ya ɓace a layinmu, yara da manya Baba Bakwai suke ce mini. Wani mai sayar da ƙanƙara ya zo ya ɗauke firijinsa da na riga na kwance, ya ce ba zai iya jira sai karo na takwas ba.

4. Shekara ashirin da shida matata tana zaune da sanin cewa sau biyu kawai na faɗi. A taron iyaye ta ga allon, tana tare da yayarta. Ba zan yi bayanin abin da ya biyo baya a takardar hukuma ba.

5. Iyaye uku sun same ni a shago da faɗa, domin 'ya'yansu sun kawo sifiri gida suna murmushi, suna cewa saura shida. Wallahi ban aiki kowa ba.

6. Wannan shi ne mafi nauyi. Dole in faɗi gaskiya, tun da aka kafe hoton Auta ta dawo cin abinci tare da mu, har tana tsokanata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na shiga bayan shago na share hawaye. Amma a ranar 2 ga Maris ta sanar da ni cewa ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba sai in ni ma zan shiga, domin Malamar ta koya musu cewa mai juriya ba ya tsayawa, ita kuwa ta lura na tsaya shekara talatin. A ranar 3 ga Maris na yi rajista. Tun daga lokacin, kowace Laraba nake rufe shago in zauna a da'irar 'yan matan da Malamar ke ba shawara, kan kujerar da ba ta ɗauki rabina ba. An ba ni fensir mai launi in zana tsorona. Na zana mai sa ido a jarrabawa, Malamar ta ɗaga takardar ta yaba wa kifin da na zana.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka ya ba da umarni a raba ni da kunkuru, a gyara mini hanci, a kuma tanadar mini tebur da gwiwata za ta shiga a ranar jarrabawa, 9 ga Mayu. Ba na neman a hukunta Malamar, kuma kada a sauke allon kafin wannan rana.

Roƙona na ƙarshe na sirri ne, ina fatan zai tsaya a teburinka. Auta ce take koya mini darasin da yamma, kuma abin tsoro, ya fara shiga kaina. Idan ta ci na faɗi, babu komai, na saba. Idan kuwa na ci ita ta faɗi, don Allah a riƙe sakamakona a ofis, a gaya mata ban haye ba, a rubuta takwas a allon. Zan kawo fentin da kaina.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da haƙurin karanta irin wannan.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Mai gyaran firiji da fanka,
Mahaifin ɗaliba mai lamba 31,
Ɗalibi mai lamba 412