Rasuwar Sarkin Makaɗa Issoufou Tamu, Wanda Ya Hana 'Yan Siyasa Taken Noma

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Makaɗan Gargajiya ta Magaria da Dungass ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma jagoranmu, Sarkin Makaɗa Alhaji Issoufou Tamu na Dantchiao, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata a gidansa bayan gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna kuka, amma wallahi muna alfahari, domin ba kowace ƙungiya ce Allah ke ba irin wannan dattijo ba. Shi ne ya riƙe mana taken noma, kiɗan nan na kakanni da ba a buga wa kowa sai manomin da ya ɗaure damin gero dubu a damina guda, kuma duk wanda ya taɓa ganin Sarkin Makaɗa ya rataya gangarsa a bakin gona ya san yadda tsofaffi ke jefar da sanda su shiga fage.

Jama'ar Bande ba su manta da wani babban mitin na neman kujerar depite, wato ɗan majalisar dokoki, ba, inda ɗan takara ya aiko a buga masa wannan take. Marigayi ya yi masa kirari na mutunci, ya yi wa mahaifansa addu'a, sannan ya nemi a nuna masa rumbun da aka zuba damman. Fili ya kaure da dariya. Wannan dariya ta jawo masa shekaru ba a gayyatarsa bikin hukuma, yaransa da dama suka gudu wajen 'yan siyasa masu rabon babura, shi kuwa ya koma bin ƙauyuka a amalanken jaki, yana kiɗinsa ga wanda ya cancanta. Da ɗaya ɓangaren siyasa ya hau mulki, suka zo da murna suna zaton shi nasu ne, su ma ya tambaye su rumbu.

Ba za mu ɓoye ba, fargabarmu ita ce a binne wannan amana tare da shi, musamman da muka ga tun ana zaman makoki wasu manya sun sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida, suna yi wa babban ɗansa, Malam Ari, raɗa a kunne.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa marigayi, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba uwargidansa Hajiya Kyauta da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi.

Kuma muna farin cikin shaida wa jama'a cewa jiya, a gaban dattawan ƙungiya, Malam Ari ya karɓi gangar mahaifinsa, ya kuma mayar wa masu shinkafa shinkafarsu.

Sa hannu:
Halilu Mamuda Dogo-Dogo
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Makaɗan Gargajiya ta Magaria da Dungass