Kangayen da Na Bar Muku

Da sunan Allah. Ni mahaifinku ne nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ko da yake ƙafafu sun ajiye aiki, likita ma ya daina haɗa ido da ni. Kai Babba, kai na tsakiya, ke Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ƙarar da rayuwata ina gina ƙananan kangaye, masu tsayin taƙi, waɗanda masu wasan yaƙi ke jera wa sojojin dalma a kan tebur. Dangi sun sha dariya, wai ƙato da gemunsa yana fama da kwali da gam. To, da kwalin na ciyar da ku, da shi na aurar da ku. Yau wani ƙaramin gari da na gina na rushe yana cikin gilashi a gidan tarihin soja, tsofaffin sojoji na tsayawa a gabansa su yi tsit. Na ci nasara, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na ɗaya. Gida da kayansa a raba yadda addini ya tsara, amma mahaifiyarku ba ta barin ɗakinta. Ku saya mata sabuwar rariya, domin tata ta ƙare wajen tace mini ɓaraguzai.

Na biyu. Kai na tsakiya, babban tebur da sojoji da tankoki na ba ka su. Ka ci gaba da buɗe wa masu wasan yaƙi ƙofa. Duk wanda ya zo da tsumma zai goge ƙurar kangayen, ka riƙe masa hannu, da gam na liƙa ta.

Na uku, wanda shi ya sa na ɗauki biro. Babba da Auta, gabarku ta ishe ni. Ina kwance a asibiti, kai Babba ka shiga shagona ka ga kangon tashar jirgin ƙasa da muke shiryawa don gasa, benenta na reto babu ginshiƙi. Idonka na magini ya kasa haƙuri. Ka kafa ginshiƙi, ka shafe shi da farar filasta har kan baƙin hayaƙi da tsatsar da Auta ta sha wuyar fentawa. Ke kuma kika watso masa kayan aikinsa waje. Tun ran nan ko gaisuwa babu. Shi yana cewa a sayar da shago, ke kina cewa za ki kwashe fentinki ki kama gabanki.

Da aka sallame ni, na zauna na ƙare wa tashar kallo. Babba, ginshiƙinka daidai ne, bene ba ya tsayawa a kan iska. Auta, wutarki ma daidai ce, har ƙauri na ji kamar ina shaƙa. Sai na sa ƙaramar guduma na karya rabin ginshiƙin, na shafe shi da ragowar fentinki, na aika da tashar wurin gasar. Ita ta zo ta ɗaya. Kofin yana shago, ba wanda ya gan shi a cikinku, don kowa na gudun haɗuwa da ɗan'uwansa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da ciwon.

Na huɗu. Shago ba ya rabuwa. Na ba ku shi kyauta ku biyu da raina, mahaifiyarku da na tsakiya ne shaidu. Ku riƙe tsarina: a gina gida cikakke tukuna, da matakala da tagogi har ƙusar rataye hoto, sannan a rushe. Kangon da bai taɓa zama gida ba, ba ya taɓa zuciyar kowa. Babba ya gina, Auta ta ƙona da fenti. Kowannenku shi kaɗai rabin gwani ne.

Na biyar. Ƙarƙashin zanen gado a shago akwai layin gidaje da na gina ƙalau, hannu ya gaza kafin na rushe. Wanda ya ba ni aikin yana jira, kuma shi ne kawai alkawarin da ke wuyana. Babba ya riƙe guduma, Auta ta nuna masa inda zai buga. Ku kawo wa mahaifiyarku kujera ta zauna ta gan ku kafaɗa da kafaɗa, ta daɗe tana kuka a ɓoye.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci hannayenku da 'ya'yanku. Rushe-rushe ya tsaya a kan tebur, kada ya shigo mini gida.