Likitan da Ya Zo Mana Gaisuwa

Baban Amira,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, amma bakina ya saba kawo maka rahoto, wa zan kai wa yanzu?

Gida lafiya. Na fita takaba. Amira ta koma makaranta, kuma ta gaji taurin kanka kaf, ba ta rage komai ba.

Har yau ina mamakin ranar nan. Babur ya buge ka a Unguwar Dosa, rauni a ƙafa, abin ɗinki kawai. A sashen gaggawa aka yi maka allurar fenisilin, wadda jikinka ba ya karɓa tun kana yaro. Kafin in iso ka cika, kafin la'asar an kai ka makwancinka.

Lauyar da ƙawata Binta ta kawo mini ta ce ƙarar sakacin likita ba ta tsayuwa sai da hujja. Ba a binciki gawa ba, katin asibiti kuma bai nuna ka gargaɗe su ba. Wato gaggawar suturta ka da muka yi ta binne hujjar tare da kai. Ban yi da-na-sani ba, haƙƙinka ne.

Sau nawa na yi maka tsiya kan yadda kake shelanta wa duniya, har mai shayi, cewa allurar nan ba ta yi maka? To, ɗan acaɓar da ya buge ka, shi ya kai ka asibitin, kuma ya rantse ya ji ka faɗa musu da bakinka. Na gode da surutun nan naka, Malam. Na gode da shekarun da ka yi kana koya mini cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Ban taɓa gaya maka ba, amma a gidanka na koyi buɗe baki.

Ranar addu'ar bakwai likitan da ya yi maka allurar ya zo da ƙafarsa. Ya zauna kan tabarma cikin maza, ya ce lallai an gaya masa, cunkoso ya sa ya sha'afa. Bai rufe baki ba yayanka Garba ya ce ƙaddara ce, an yafe. Ba wanda ya leƙo ya tambaye ni, sai ka ce ba mijina ne ya rasu ba. Raina ya ɓaci matuƙa.

Na aika aka kira likitan bakin labule. Na ce na yafe masa saboda Allah, amma yafiyata ba za ta kare majinyacin da zai zo bayanka ba. Na roƙe shi ya maimaita maganarsa gaban hukumar ladabtar da likitoci. Ya amince, alhali ya san aikinsa na iya tafiya. Wallahi ina sa shi a addu'a.

Danginka suna fushi, wai ina ja da ikon Allah. Ajali gaskiya ne, amma shi sakaci ƙarya ne? Mako mai zuwa hukumar za ta zauna. Zan je, zan faɗi sunanka da ƙarfi, a wannan karon sai sun saurara.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka har gobe,
Hadiza