Na Shafe Kaset ɗin Babana, Laifin Ya Hau Kan Amininsa

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu karanta wannan fili. Ina fatan kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don na riga na zagi kaina har na gaji. Ni ɗaliba ce a sakandare, daga wajen Wurno. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai an kira sunana nake ɗaga kai.

Babana manomin albasa ne a fadama, amma yana saurayi ya yi aikin gina dam ɗin Goronyo, yana yaron wani Bature makanikin manyan motoci. A can ya kamu da son kiɗan Turawa, irin mai jita da ganguna. Tare suka yi aikin da amininsa Baffa Sahabi, tare suka kwaso ciwon. Gonakinsu iyaka ɗaya ce, kuma da injin ban ruwan Baba dukansu suke shayar da albasa. In an yi la'asar sukan zauna a zaurenmu da tsohuwar rakoda, su rage murya saboda yayan Baba liman ne kuma katangarmu ɗaya, su yi ta gardama. Ni nake kai musu ruwan shayi, sai in maƙale a bakin ƙofa.

Ba wanda ke jin Turancin waƙoƙin a cikinsu, amma kowa da ra'ayinsa kamar shi ya haifi makaɗan. Baba yana cewa kaset ba a tsallake masa waƙa, daga farko ake bin sa har ƙarshe kamar kunyar gona. Yana cewa makaɗan dā da hannu suke aiki, har ana jin yatsa na goga wayar jita, na yanzu kuwa inji ke yi musu. Kuma a wurinsa duk ƙungiyar makaɗan da ta yi suna ta lalace, kaset ɗinta na farko, na lokacin da suke fama da yunwa, shi ne na ƙwarai. Baffa Sahabi ya fi son waƙoƙi masu sanyi.

"Saurara nan, Sahabi. Ka ji mai gangan ga? Shi ka riƙe da gidan duka. Mai jita ado ne kawai."

"Wanga ba waƙa yake ba, Malam. Kunama ta harbe shi, a kai shi asibiti."

"To mi ya sa kake aron kaset ɗin kullum?"

"Don in kori tsuntsaye a gona."

Kaset ɗin da suke wannan faɗa a kansa shi ne wanda Baturen ya naɗa wa Baba da hannunsa ranar da zai tafi. Akwai wata doguwar waƙa a gefen farko da Baba ya raɗa wa suna Buɗe Ƙofa, wai tana farawa a hankali sannan ta ɓarke kamar an saki ruwan dam. In ta kai wurin, yakan rufe ido, babban yatsan ƙafarsa na dama yana motsi. Na san sautin kaset ɗin kamar sunana, amma ban taɓa riƙe shi ba, ban san ba shi da rubutu ko ɗaya a jiki ba.

Ga yadda abin ya faru. An zaɓe ni musabaƙa a Islamiyya, Malama ta ce haddata ta zauna amma muryata kamar ta sauro, in sami rakoda in naɗi kaina in saurara. Wata rana Baba yana gona, Baffa Sahabi ya yi sallama, na leƙo, ya ce, "Ɗiyata, ga kayan hayaniyar babanki nan na maido," ya jefa wani abu cikin kwalin kaset ya wuce. Bayan azahar na bincika kwalin, na ga wani fari fes ba rubutu, na ce wannan fanko ne. Anti, a nan kunyata take. Na ga an ɓalle 'yan kunnuwan da ke samansa, kuma na san ana ɓalle su ne don kada a naɗi wani abu a kai. Ni da nake lura da motsin yatsan ƙafar mutum, yaya za a ce ban gane wannan ba? Mi zai hana in kunna in ji tukuna? Sauri nake kada wani ya shigo ya ji ni ina karatu da ƙarfi. Na cusa takarda a ramukan, na danna jan maɓalli, na yi ta karatu. Da na mayar da shi baya na saurara, na ji muryata, har na ji daɗinta, sai karatun ya ƙare, jita ta faɗo a tsakiyar kuka. Wutsiyar Buɗe Ƙofa ce. Ita kaɗai ta rage a gefen.

Na ɓoye shi a ƙasan akwatina, cikin safar makaranta. Bayan kwana biyu Baba ya zazzage kwalin a tabarma, ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, Sahabi ya zo nan da saƙo?"

Na ce, "Ban gan shi ba, Baba."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Da yamma Baffa Sahabi ya zo, ina bayan ƙofa da butar shayi. Da farko dariya yake, yana cewa ai an huta, kunnuwan unguwa sun sami lafiya. Da ya ga Baba bai yi dariya ba sai ya ce, "Tambayi ɗiyarka, gabanta na aje shi." Baba ya ce, "Na tambaye ta. Wagga yarinya ko magana ba ta iya ba, balle ƙarya. In kana son shi ka ce kana so, shekara nawa kana zagin shi kana aro?" Baffa Sahabi ya sa takalminsa, ƙafar hagu ma bai zura ta daidai ba, ya ce, "Tun muna cin tuwo a kwano guda a dam ba ka taɓa kirana ɓarawo ba sai yau." Ya fita bai sha shayin ba.

Tun ranar bai sake taka zaurenmu ba. Suna haɗuwa a masallaci, su gaisa kamar baƙi. Baba bai hana shi inji ba, amma bai aika masa ba, shi kuma ya ƙi tambaya. Yanzu da guga yake ɗibar ruwa daga magudana, mutum mai ciwon baya, 'ya'yansa maza duk suna birni. Hanyar makarantarmu ta bi ta gefen gonakin. Albasar Baba kore shar, tasa kuwa bakin ganyen ya fara ja yana kwanciya, ga zafi na ƙaruwa. Inna ta yi wa Baba magana, ya ce ba kaset ne ya dame shi ba, rainin hankali ne. Amma rakodar tana nan an rufe ta da ƙyalle, ko labarai ya daina ji.

Na gwada gyarawa a ɓoye. Na je wurin mai sayar da kaset ranar kasuwa, ya ce wace ƙungiya, na ce ban sani ba. Ya ce to rera mini kaɗan. Na tsaya ina kallon ƙasa har ya juya ga wani. Baba kansa bai san sunansu ba, Baturen bai rubuta ba. Musabaƙar ma na je na kasa, na kai tsakiyar sura na tuna da wace murya na shafe abin mutane, sai kaina ya ɗauke.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shekaranjiya na haɗu da Baffa Sahabi a kan hanya, da guga a hannu, wandonsa jiƙe da laka. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran ya tone ni. Ya dube ni ya ce, "Uwar Malam, ya karatu? Ki bar sunkuyar da kai hakanga, wuya za ta yi miki ciwo." Ya sani, Anti. Ya san na gan shi, kuma ya zaɓi a kira shi ɓarawo da ya kunyata ni a gaban ubana.

Na gaji. Ba na barci sosai, abinci ba ya mini daɗi. In na faɗa, Baba zai gane ya rasa waƙarsa har abada, ya kuma san cewa ɗiyar da ya rantse a kanta ta dube shi ido da ido ta yi ƙarya, ya zubar da abotar ƙuruciya a kan maganata. In na yi shiru, albasar bawan Allah za ta ƙone kafin a kai ga cira, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Na yi tunanin in mayar da kaset ɗin cikin kwali a ɓoye, amma da ya kunna muryata zai ji. In fara zuwa wurin Baffa Sahabi ne, ko in bi ta wurin Inna, ko in ɗauki kaset ɗin in ajiye a gaban Baba da hannuna? Jama'a, ku dube ni kamar ƙanwarku ku gaya mini, mi zan yi?